Kafin a Sayar da Gona a Yanki Biza

Ba wanda zai koya wa mutumin ƙasar Gumel tafiya. Tun da aka buɗe layin dogo daga Kano zuwa Nguru a 1930, ya ratso Ringim da Taura ya biyo ta Gagarawa Tasha ya wuce Malam Madori, wannan yanki ya saba da ganin mutane suna fita suna shigowa. Daminarmu gajera ce. Da an yanke gero, an kaɗe riɗi, an tsinke zoɓo, matashi ba shi da abin da zai zauna yi har wata bakwai ko takwas, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Kano ko Legas ko Fatakwal, ya yi dako ko gadi ko acaɓa, idan hadari ya fara haɗowa ya dawo da kuɗin taki. Haka iyayenmu suka yi, kuma da kuɗin ci-rani aka yi wa ɗakuna da yawa rufin kwano a Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari.

Abin da ya sauya shi ne nisan tafiyar da tsadarta. Yanzu zancen da ake yi a majalisar samari na Jidda ne da Riyad da Dubai, ko Libiya da Aljeriya ga mai ƙaramin ƙarfi. Irin wannan tafiya kuɗin mota ba ya isar ta. Sai an sayar da shanun huɗa, ko an jinginar da gona, ko an sayar da ita ɗungurungum. Dalilin ma a fili yake: riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 kowace dala, saboda haka tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi, albashin mai shara a Saudiyya idan aka canza shi sai ya yi kama da na babban ma'aikaci a Dutse. Duk wanda ya ce wa matashi kada ya yi sha'awar wannan, bai san halin da ake ciki a ƙauye ba. Ni ba na cikin masu cewa a hana tafiya. Abin da ke damuna shi ne muna tura 'ya'yanmu ƙasar da ba su sani ba alhali ba su da maigida a can, mu da duk Afirka ta Yamma ta san mu da tsarin saukar baƙo.

Wanda yake son ganin wannan tsari yana aiki, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mutum zai koro shanu ko raƙuma daga Dungas ko Damagaram ko Tanut, bai san mai saye ba, mai saye bai san shi ba, amma ciniki na miliyoyi ya faɗa lafiya. Abin da ya sa shi ne baƙon ba ya shiga kara kai tsaye. Yana da fatoma. A gidansa zai sauka, a nan zai ci ya kwana, shi zai haɗa shi da dillali, shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma idan mai saye ya yi wasa da biya, wuyan fatoma za a riƙe. Yana karɓar la'adarsa, ba don Allah kaɗai yake yi ba. Amma gidansa yana garin, iyalinsa suna garin, kabarin ubansa yana garin. Idan ya cuci baƙo ɗaya, mako mai zuwa labari ya kai Damagaram, sana'arsa ta mutu. Wannan tsoron zubewar suna shi ne jarin baƙo.

Da wannan tsari Bahaushe ya zauna a duk inda ya zauna. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, kuma lokacin da wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960 yana nazari, ya tarar cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa gaba ɗaya a wuyan masu gida yake. Su ke sauke fatake, su ke ba mahauta shanu bashi da amincinsu, su ke ɗaukar yaron da ya zo da rigar jikinsa kawai su sa shi aike, daga aike ya zama dillali, wata rana su yi masa aure. A Ankara ta ƙasar Gana, Malam Baƙo, wanda asalin gidansu Katsina ne, ya nemi fili wurin sarakunan ƙasar a farkon ƙarni na 20 ya kafa Sabon Zongo, yana yanka wa baƙi wurin gini. A Sudan, bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, garin ya zama masaukin mahajjatan ƙasa. Mutum zai sauka can, a samar masa aikin tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, ya yi shekara ɗaya ko biyar yana tara guzuri kafin ya ƙetare teku. A duk waɗannan wurare, abu uku da baƙo ke nema, wato wurin kwana da abin yi da wanda zai tsaya masa in rigima ta taso, yana samunsu ne ta hannun mutumin da ake iya kai ƙararsa gida. Da ɗan gari akan ci gari, kakanninmu sun riƙe wannan da gaske.

Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Akwai maigidan da ya ci gumin yaro shekara da shekaru bai sallame shi ba. Kuma akwai ranar da tsarin ya gaza gaba ɗaya. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, cikinsu har da waɗanda a zango aka yanke musu cibiya, suka bar gidaje da rumfuna suka hau motoci zuwa garuruwan da sunansu kawai suka sani. Sarkin zango bai iya ceton kowa ba, domin abin da hukuma ta nema takarda ce. Mu ma Nijeriya mun yi wa wasu irin wannan a 1983. Tun daga lokacin ya kamata mu gane cewa an ƙara wa baƙo buƙata ta huɗu, kuma ita ce ke riƙe da sauran ukun.

To, yau wa ya gaji maigida? Ejan. Shi ake kai wa kuɗin gonar. Sau da yawa uban yaro bai taɓa ganinsa ba, lambar waya ce kawai da wani ya ba wani. Ofishinsa yana Kano ko Abuja, ko ma babu ofishin. Aikinsa ya ƙare da zarar jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano. Bai san ɗakin da yaron zai kwana ba, bai san wanda zai yi wa aiki ba, kuma idan abu ya lalace ba shi da sunan da zai zube a Gagarawa, domin ba wanda ya san shi a nan. Ya karɓi la'adar fatoma ninkin ba ninkin, bai ɗauki ko ɗaya daga cikin nauyin fatoma ba.

Ya kamata iyaye su san yadda zama yake a Saudiyya, tunda can ne hankalin mafi yawan mutanenmu ya karkata. Baƙo ba ya aiki sai da igama, wato takardar izinin zama, igama kuwa a ɗaure take da kafili, wato wanda ya ɗauko ka. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki, kuma ranar da wa'adinta ya cika ka zama mai laifi. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci kuɗin ɗauko shi da kuɗin igamarsa da tikitin komawarsa gida in kwantiragi ya ƙare, kuma ta hana shi riƙe fasfon ma'aikacin. Wannan kaɗai ya isa uba ya tsaya ya yi tambaya: idan aikin na gaskiya ne, kuma kamfani ne ya nemi ɗana, me ya sa ni nake sayar da gona in biya? Amsar sau da yawa ita ce babu aikin. Abin da aka sayar wa yaron biza ce daga hannun wani kafilin da ba shi da aikin ba shi, zai sake shi ya je ya nema da kansa, kowace shekara ya kawo masa kuɗi kafin ya sabunta masa igama. Wannan haramun ne a dokarsu. Ranar da yaron ya kasa biya, ko suka saɓa, kafili ya kai rahoton cewa ya gudu, daga wannan rana duk askarin da ya tare shi sai tarhil, wato a tsare shi a koro shi gida.

A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafili, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar maigida ba, bisa wasu sharuɗɗa. Ejan-ejan sun yi ta tallar wannan labari. Abin da ba sa faɗa shi ne sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da masu lambu da makiyaya ba, kuma waɗannan su ne ayyukan da ake kai mutanenmu.

Maganar masauki ma ta sauya ƙwarai, kuma labarin bai iso ƙauye sosai ba. A da, takari, wato mutuminmu da ya je zama a Saudiyya, yana da inda zai faɗa. A Jidda akwai Karantina da Gulel da Sabil da Hindawiyya, unguwannin da mutum zai ji Hausa ta ko'ina, ya samu 'yan garinsu su goma a ɗaki, a matsa masa ya shimfiɗa tabarma, washegari a nuna masa inda ake wankin mota ko dako. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni masu yawa irin waɗannan a Jidda, diyya kuma ta masu mallakar gida ce, baƙo ɗan haya kayansa kawai ya kwashe. A Makka, faɗaɗa Harami da sababbin hanyoyi sun cinye tsofaffin unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki. Haya yanzu da rajista ake yin ta a kwamfuta, sai da igama mai rai, kuma wanda ya ba marar takarda wurin kwana yana fuskantar tara da ɗauri. Ga harajin iyali da aka fara a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙo, ya hau har riyal 400 a 2020. Gidajen Hausawa da suka shekara arba'in a can, waɗanda su ne masu saukar baƙi, da yawa sun kasa ɗauka sun turo iyali gida. Kawun da ake cewa "ai yana can, zai riƙe ka", mai yiwuwa shi ma yau neman inda zai sa haƙarƙarinsa yake.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne mata. Mafi yawa zawarawa ne, wata da 'ya'ya uku ko huɗu da mijin ya sake ta ya bar mata, ta gaji da surfe da wankau, aka ce mata akwai aikatau a Saudiyya. Ba kwaɗayi ya kai ta ba, kuma duk mai zagin irin waɗannan mata ya fara tambayar kansa wa ya ciyar da 'ya'yansu bara. Amma a duba matsayin da take shiga. Ɗakin da take kwana na mai aikin ne. Abincinta daga hannunsa. Igamarta da sunansa. Fasfonta sau da yawa yana cikin durowarsa, ko da doka ta hana. Wayarta ma wani gidan sai an ga dama a bar mata. Idan ta dace da mutanen kirki, kuma akwai su, za ta yi shekara biyu ta dawo da abin sayen fili da keken ɗinki. Idan ba ta dace ba, aka hana ta albashi ko barci, ko wani namiji a gidan ya sa ta a gaba, ranar da ta buɗe ƙofa ta fita ta rasa aiki da masauki da takarda a lokaci guda. Ɗan ci-rani a Legas idan ya saɓa da ubangidansa zai kwana a masallacin Agege, gobe ya nemi wani aikin. Ita ba ta da wannan. Ba ta jin Larabcin gari, ba ta san hanyar ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda ba, ta yiwu ma a wani ƙauye take mai nisan kilomita ɗaruruwa. Wanda ya tura ta kuwa ya riga ya kashe wayarsa.

Hanyar hamada ba ta buƙatar dogon bayani ga mutanen kan iyaka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, kusan dukkansu mata da yara, akasari daga yankin Kance, nan maƙwabtanmu a jihar Damagaram. Motarsu ta lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Waɗanda suka tsallaka Libiya kuma, mun sha jin yadda ake tsare su a buga wa iyaye waya a ce a turo kuɗi. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojoji suka soke ta a watan Nuwamban 2023, motoci suka koma tashi daga Agadas a fili. Sauƙin tashi bai ƙara wa kowa masauki a Sabha ta Libiya ba.

Za a ce mini ai ga wane ya tafi ba takarda ya dawo ya gina gida ya sayi mota, arziki na Allah ne. Gaskiya ne, kuma ina taya shi murna. Sai dai shi muke gani domin gidansa yana bakin titi. Wanda aka kwaso daga gidan tarhil na Shumaisi da silifa da leda ɗaya, da dare yake shigowa gari, ya yi wata bai fito majalisa ba, gonar kuma ta tafi. A wannan yanki namu da aka yi shekaru ana taƙaddama kan hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee Group don noman rake, kowa ya san gona ba abin da ake sayarwa a sake saye cikin sauƙi ba ce. Lissafin da ya ƙirga mai mota ya manta da mai leda ba lissafi ba ne da ya kamata uba ya yanke hukunci a kansa.

Akwai masu tafiya su zauna lafiya, kuma ba asiri suke da shi ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ke zuwa Saudiyya ko Ingila suna sa hannu a kwantiragi tun suna gida, sun san albashi, sun san ko za a ba su gida ko kuɗin haya, akwai mai tarbarsu a filin jirgi. Ba sai mai digiri ke da haƙƙin wannan ba. Mai walda da mai ɗaura tayil da mai haɗa wutar gida da direban babbar mota duk ana nemansu, kuma mai sana'a a hannu ko an koro shi bai dawo hannu rabbana ba. Gwamnatin Jigawa ta daɗe tana kashe kuɗi wajen tura ɗalibai karatun likita ƙasashen waje, ta san yadda ake bincikar makaranta da masauki kafin a tura yaro. Irin wannan kulawar ake buƙata ga masu fita neman aiki: cibiyoyin koyon sana'a su riƙa ba da takardar shaida da za a karɓa a waje, a koyar da Larabcin aiki na wata uku, kuma a kafe jerin kamfanonin da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ba lasisin kai ma'aikata waje a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a karanta shi a rediyo da Hausa. Hukumar NAPTIP tana nan tun 2003, amma ɗan ƙauye yakan ji sunanta ne bayan ɓarna ta auku.

Sai dai ba na son mu jingina komai ga gwamnati, domin abin da ya fi ƙarfi yana hannunmu. Ba a sayar da gona a ƙasar Gumel ba tare da mai unguwa ko dagaci ya shaida ba. Ashe kuwa akwai lokacin da magana za ta iya shiga kafin kuɗi ya fita. Masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Gumel Alhaji Ahmad Muhammad Sani, tana iya umartar hakimai da dagatai cewa duk cinikin gonar da aka ce na biza ne, a dakata sai an kawo ejan ko wakilinsa gaban dagaci. Ya faɗi sunan kamfaninsa da lambar lasisinsa. Ya kawo kwantiragi a rubuce, a samu malamin Larabci ya karanta wa uba da ɗa, a ji wane aiki ne, nawa ne albashi, wane gari, wa zai ba da ɗaki, wa zai biya tikitin dawowa. A ga irin bizar da ido, a tabbatar ta aiki ce. Sannan ya kawo mutumin gari mai gida da iyali da zai tsaya masa, kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙonsa a kara. Ejan na gaskiya ba zai ƙi wannan ba, domin kasuwa zai ƙara samu. Wanda ya ƙi zuwa ya ba da amsa tun kuɗi yana aljihu. Idan mace ce za ta tafi, a ƙara da sharaɗin cewa akwai wata sananniya a garin da za ta je, wadda za a riƙa jin lafiyarta ta bakinta, kuma a bar kwafin fasfo da kwantiragi a gida.

'Yan yankinmu da suka riga suka zauna a waje da takardunsu cikakku su ma akwai nauyi a kansu. Suna da zaurukan WhatsApp da ake tara gudummawar biki da ta rasuwa. Irin wannan zauren zai iya zama wurin da za a tura sunan kamfani a ce a duba mana ko akwai shi, a tura adireshi a ce wa ke kusa. Kuma su daina turo hoton gaban kanti mai ƙyalli alhali su takwas ke kwana a ɗaki. Ƙaninka da ke kallon hoton a Gagarawa Tasha da shi yake yanke shawara.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan al'amari suna cikinmu, su ne waɗanda aka dawo da su. Sun san farashin gado a ɗakin haya, sun san wane alkawari ne ƙarya, sun san sunayen ejan-ejan da suka ci kuɗinsu, sun san abin da ke faruwa daga ranar kamu zuwa ranar da za a sa mutum a jirgi. Kunya ce ta rufe musu baki, mu kuma muka taya ta da gori. Limamai da shugabannin matasa su nemo su cikin mutunci, maza a zauren dagaci, mata a makarantun Islamiyya na matan aure, su ba da labari da bakinsu a watannin kaka, lokacin da kuɗin riɗi ke shigowa hannu kuma ejan-ejan suka fi yawan kiran waya.